Notis ɗin da Joshuwa Ya Rubuta

Marta ta karanta notis ɗin sau biyu, da jan alƙalami a hannu, kuma tun kafin ta kai shafi na goma sha huɗu, wanda shi ne na ƙarshe, ranta ya riga ya ɓaci. Takarda ce mai kyan gani, an buga ta da launi, an yi mata bango mai sheƙi. Marta kuwa ta daɗe da daina yarda da bango.

Aikinta ke nan tun da ta bar jinya shekara huɗu da suka wuce. Haɗakar wasu ƙananan asibitoci shida na unguwannin Yamai ce ta ɗauke ta, don ta riƙa duba duk sabon kayan da za a sa a hannun ma'aikata. Ba na'urar take dubawa ba, ita ba injiniya ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Takardar bayanin take dubawa, wadda kowa ke kira notis. Tambayarta ɗaya ce kullum: ma'aikaciyar da mata ashirin ke jira a layi, ba kowa kusa da ita, in ta buɗe takardar nan za ta yi aikin daidai ko za ta yi ɓarna? In Marta ta sa hannu, kaya ya shiga. In ta ƙi, mai kaya ya kwashi abinsa. Saboda haka masu kawo magani da na'urori sun san sunanta sarai, kuma ba da daɗi suke ambatonsa ba.

Wannan karon abin da aka kawo ya fi ma'aunin hawan jini wuyar sha'ani. Haɗakar na son fara aiki da wakili, irin manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira da ake rubuta wa umarni ta shiga burauza ta yi aikin da kanta: ta buɗe shafin dillalin magani, ta cike odar wata, ta rubuta wasiƙa ta aika. Da yake ba mai hankalin da zai saki irin wannan abu a kwamfutar asibiti ba takunkumi, wani ƙaramin kamfani da ke bayan kasuwar Peti Marshe ya ƙera wata ƙarin manhaja, ya sa mata suna Sakata. Aikinta ta tsaya tsakanin wakilin da shafukan burauza, ta nemi izinin mutum kafin wakilin ya karanta wani abu ko ya aika. Notis ɗin Sakata ne a gaban Marta.

Abin da ke cin ranta kuwa yana cikin kwamfutar asibitin Gamkalle. A can akwai rajistar tsarin iyali, mata arba'in da wani abu, kowace da sunanta da unguwarta da ranar da ta zo da abin da aka sa mata. Fiye da rabinsu mazajensu ba su sani ba. Da kwandon cefane suke zuwa, ko da yaro a goye don a ce awo aka kawo shi. Marta ta yi shekara goma sha ɗaya a matsayin majo a can, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta san abin da ke samun mace in irin wannan magana ta fita. Kuma ɗaya daga cikin sunayen na Rahama ne, matar ƙanenta Joshuwa.

Ita da kanta ta kai ta. Haihuwa biyu Rahama ta yi, duka da tiyata, ta biyun saura kaɗan a rasa ta. Likita ya ce ciki na uku nan kusa zai iya zama ajalinta. Joshuwa ya ce likita ba Ubangiji ba ne, shi ɗa namiji yake so, kuma daga ranar ya ɗauki azumi kowace Laraba a kan haka. Rahama ta zo wa Marta da kuka, tsoro ya hana ta ko cin abinci. Marta ta riƙe mata hannu har aka sa mata abin hana ɗaukar ciki a damtse, ta yi mata alkawari cewa ko da wasa maganar ba za ta kai kunnen mijinta ba. Shekara biyu ke nan Joshuwa na azumin Laraba, yayarsa na kallonsa tana yi masa sannu, kuma ba ta taɓa jin daɗin sannun ba.

Notis ɗin ba shi da sunan marubuci. Amma layin ƙarshe ya ce in an samu matsala a kira wannan lamba, lambar kuwa ko daga barci aka tashe ta Marta za ta faɗe ta. Ta Joshuwa ce. Ta san a kamfanin yake aiki, amma a wajen gyaran kwamfutoci ta san shi. Mutumin da ko takardar neman aikin ita ta rubuta masa, yaushe ya zama marubucin notis? Nan take ta gano dabarar. Sadiƙ, mai kamfanin, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne daga Damagaram, irin waɗanda ba sa taka ƙasa sai sun san abin da ke ƙarƙashinta. Ya bincika ya ji wa ke sa hannu a haɗakar, sai ya kira ƙanen mai sa hannun ya danƙa masa alƙalami.

Ta je wurin shugaban haɗakar ta ce a ba wani aikin. Ya yi dariya, ya ce in za a bi ta dangantaka a garin nan ba wanda zai duba takardar kowa, ta je ta yi aikinta yadda ta saba.

Ranar Alhamis suka zo ofishinta su biyu. Sadiƙ ya shigo da doguwar gaisuwa da ƙamshin turare, Joshuwa na bayansa cikin sabuwar riga mai dogon hannu, yana ta kauce wa idonta. Marta ba ta ba su ko ruwa ba. Ta buɗe shafi na biyar ta juya musu shi. A nan, ta ce, Sakata na ba mutum zaɓi biyu, ko ya ba wakili izinin shafin da ke gabansa kaɗai, ko ya ba shi izinin duk abin da ke buɗe, kuma notis ɗin da kansa ya ce a zaɓi na biyu don aiki ya yi sauri. To, mene ne duk abin da ke buɗe? Abin da ido ke gani ne, ko har da abin da aka naɗe aka ajiye a ƙasa? Ba a faɗa ba. Ta wuce shafi na tara, inda aka ce izini na mutuwa da zarar an rufe burauza. Ta tambaye su ko sun taɓa zama a asibitin unguwa na yini ɗaya. Kwamfuta ɗaya ce, mai ba da magani ya tashi ungozoma ta zauna, ungozoma ta tashi majo ya zauna, ba mai rufe komai, don in an rufe sai an yi rabin awa ana fama da rezo, wato intanet, kafin a koma ciki. Izinin da aka bayar ranar Litinin zai kai Asabar da ransa.

Joshuwa ya ce ai kowa ya san ana rufe burauza in an gama aiki.

"Kowa wa?" ta ce, ba ta ko kalle shi ba.

Sannan ta ce musu abin da ya fi ɓata mata rai ba ya cikin kowane shafi, don ba a rubuta shi ba sam. In wakili ya kama yin abin da ba a so, ta yaya ake tsayar da shi? Shafi goma sha huɗu, da hotuna, da godiya ga abokan hulɗa, amma ba layi ɗaya a kan haka. Sai lambar waya.

Sadiƙ ya yi murmushin da ake yi wa tsohuwa mai mita. Ya ce duk wannan za a koya wa ma'aikata da baki, kwana biyu za a yi ana formasiyo, wato horaswa, har da abincin rana, kuma Joshuwa wayarsa a kunne take koyaushe. Marta ta ce abin da aka koya da baki yana bin mai bakin ya tafi, bayan wata shida rabin waɗanda suka ci abincin an canza musu wurin aiki, takardar ce ke zama a aljihun tebur. Daga nan murmushin ya gushe. Sadiƙ ya gyara zama, ya ce shi dai ya ɗaga yaron nan ne don ya ga yana da ƙoƙari, in kuwa haɗakar ba ta ɗauki Sakata ba, bai ga abin da zai yi da marubucin notis a kamfani ba.

"Madam, ƙanenki ne fa," ya ce a hankali.

"Na san ko wane ne, Malam Sadiƙ. Ni na goya shi. Kai ma ka sani, shi ya sa ka ba shi."

Ta gaya musu yadda take gwajinta, kuma ba ta canza shi don kowa. Ranar Talata za a kai notis ɗin Gamkalle, a ba ma'aikaciyar da ba ta taɓa ganinsa ba, ta yi odar wata ta gaskiya da shi, ba ta wasa ba. Masu kaya za su zauna a benci inda ba sa ganin allon kwamfuta, ba magana, ba nuni, ba tari. In ta gama lafiya da takardar kaɗai, Marta za ta sa hannu ko da ranta bai so ba. Sadiƙ ya ce ya yarda. Ya fita ba sallama.

Ranar Lahadi bayan sujada Joshuwa ya tare ta a harabar coci, nesa da inda mata ke gaisawa. Ya ce ta ci masa mutunci a gaban maigidansa. Ya ce tun da mahaifinsu ya rasu a Dogon Dutsi ta maida kanta majo a kansa, ta zaɓa masa lakwal ɗin da zai yi karatu, ta zaɓa masa gidan haya, yanzu kuma da ya samu abu ɗaya da ya yi da kansa tana neman ta tsinka shi. Marta ta ce ya zo gida da yamma su zauna su gyara wuraren nan uku, aikin awa biyu ne. Ya ce an riga an buga kwafi sittin, kuma ko ba a buga ba, ba zai kawo mata aikinsa ta yi masa jan alƙalami kamar ɗan aji uku ba.

"Mi na yi miki, Yaya? Ki hwaɗa mini. Wanga ƙiyayya ta mi ce?"

Can gefen babur ɗinsa Rahama na tsaye da 'yan matanta biyu, tana gyara wa ƙaramar ɗankwali, amma idonta na kansu. Marta ta ji maganar ta taso mata har baki. Da kalma goma za ta iya sa shi ya gane cewa ba shi take yaƙa ba, gidansa take karewa. Ta haɗiye ta, ta ji ɗacinta.

"Notis ɗinka ba shi da kyau," ta ce. "Shi ke nan."

Ya dube ta irin duban da bai taɓa yi mata ba, ya juya. Rahama ta ɗago mata hannu daga bayan babur, shi ko waiwaye bai yi ba.

Ranar Litinin Marta ta kira Haruna, majon da ya gaje ta a Gamkalle, ta ce kafin gobe ya rufe rajistar tsarin iyali gaba ɗaya, kar ya bar komai a buɗe sai lissafin kayan ɗakin magani. Haruna ya ce to, an gama. Mutum ne mai saurin cewa to.

Da hantsi ranar Talata ta sauka daga taksi a bakin lambuna, inda masu ban ruwa ke ta kai da komo tsakanin kogi da fangalin salati. Asibitin ɗaki huɗu ne da rumfa, rumfar cike da mata. Haruna ba ya nan, ya tafi unguwar Saga zagayen rigakafi tun da safe. Wadda za ta yi gwajin ita ce Nafissa, ungozoma ce mai shekara talatin da wani abu, mai natsuwa, ba ta son hayaniya. Marta ta zaɓe ta ne don ba ta da rawar kai: abin da takarda ta ce shi za ta yi, ba ƙari ba ragi.

Sadiƙ da Joshuwa sun riga ta zuwa, sun sa Sakata da wakilin a kwamfutar. Ba wanda ya gaishe da wani. Marta ta ja benci ta kai shi bayan teburin, inda sai bayan allo za su gani, ta nuna musu shi da haɓa. Ta leƙa allon, ta ga lissafin ɗakin magani da shafin dillali, ba rajista. Hankalinta ya kwanta. Ita da ta yi kwana biyar tana faɗa a kan abin da aka naɗe aka ajiye a ƙasa, ba ta dubi ƙasan allon ba.

Nafissa ta buɗe notis ɗin, tana bin layi da yatsa. Shafi na ɗaya zuwa na huɗu lafiya lau, har Sadiƙ ya fara kaɗa ƙafa. A shafi na biyar Sakata ta fito da tambayarta. Nafissa ta karanta takardar, ta sake karantawa, ta zaɓi duk abin da ke buɗe kamar yadda aka ce. Marta ta rubuta a littafinta. Sannan Nafissa ta rubuta wa wakilin umarnin da aka ba ta: ya yi odar kayan tsarin iyali gwargwadon abin da aka yi amfani da shi a watan nan, ya aika wa dillali.

Wakilin ya kama aiki. A gefen allo yana rubuta abin da yake yi, layi bayan layi, cikin ladabi kamar sabon akawu. Ya karanta lissafin kaya. Ya cike odar. Sai ya rubuta cewa ya sami wata rajista a wata taga da ta fi nuna ainihin abin da aka yi amfani da shi, zai haɗa ta da wasiƙar don ta zama hujja. Tagar ta buɗe ta cika tsakiyar allon.

"Tanti," Nafissa ta ce da muryar da ba ta wuce su biyu ba, "rajista ce. Ta gaskiya."

Sunaye ne jere, da unguwa da rana da komai. A ƙasa wani ɗan layi shuɗi ya fara tafiya, alamar ana ɗora rajistar a kan wasiƙar, kuma da ya cika wasiƙar za ta tafi, tunda izinin ya haɗa da aikawa. Rashin ƙarfin rezo ne kaɗai ya sa yake rarrafe. Nafissa ta motsa linzamin kwamfutar don ta rufe, bai amsa ba, in wakili na aiki shi ke riƙe da shi. Cikin sauri take faɗa wa Marta cewa Majo bai rufe ba ne don ba wanda ya san modepas ɗin rajistar, wato kalmar sirrin shiga, wanda ya sa shi ya bar aiki tun wata uku, in aka rufe ba mai iya komawa, shi ya sa ya naɗe ta kawai. Tana magana tana buɗa notis, shafi na shida, na tara, na sha biyu. Ta kai na ƙarshe, ta tsaya a kan lambar waya.

Marta ta durƙusa ta fizge wayar wuta daga bango. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin tebur, allon ko ƙiftawa bai yi ba. Batirin ajiya ne da aka saya saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, yana cikin kejin ƙarfe tare da kwamfutar da akwatin rezo, an garƙame da kwaɗo saboda ɓarayi. Makullin na aljihun Haruna a Saga. Ta jijjiga kejin sau ɗaya, ta san aikin banza ne. Da ta miƙe, layin shuɗin ya wuce rabi.

Ta san ma'ajin dillalin. Ma'aikata sun kai talatin, direbobi da masu lodi da akawu, rabinsu a unguwannin nan suke kwana, wasu ma matan nasu na cikin jerin. Kafin la'asar takardar za ta shiga wayoyi. Ta kuma ga layi na bakwai, don idonta can ya fara sauka: Rahama Joshuwa, Gamkalle bayan lambu. Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san yadda ake tsayar da abin, kuma in ya zo, gaban layi na bakwai zai tsaya. Marta ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a ɗakin haihuwa. Ta dubi layin shuɗin, ta dubi sunayen arba'in.

"Joshuwa, zo ka tsaida shi."

Sadiƙ bai san abin da ke allon ba, ya dai ga mai tsauri ta rikice, abin ya yi masa daɗi. Ya ce ai an hana su magana da motsi, ko Madam ta manta dokarta? Joshuwa ya harɗe hannu a ƙirji, ya kafa mata ido. Kwana biyar yake jiran wannan lokaci, kuma yana son ya ɗan ɗanɗana shi.

"Na roƙe ka," ta ce. "Taso yanzu."

Bai taɓa jin ta roƙi kowa ba, shi ya sa ya tashi. Kafin ya zagayo teburin ta fizgi notis ɗin daga hannun Nafissa ta manna shi a kan sunayen, ta riƙe da tafin hannu biyu. Ya danna maɓallai uku tare, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Ya ce ta kauce, tambayar tabbatarwa a tsakiyar allo take fitowa. Ta ce ya danna haka nan. Ya ce ba ya gani, zaɓi biyu ne, in ya kuskure ya danna na aikawa. Layin shuɗin saura ɗan yatsa ya cika. Ya kama wuyan hannunta ya janye, ita kuma ba ta hana shi ba. Ya danna. Layin ya tsaya, wasiƙar ta goge.

Ya miƙe yana ɗan murmushi, ya fara cewa ta gani, sakan uku ne, abin da ake ta yi wa wannan hayaniya. Maganar ta tsaya masa a baki. Rajistar tana nan a buɗe. Marta ta ga idonsa ya sauko a hankali, ya tsaya, ya bi layin zuwa dama: ranar, sunan abin da aka sa, sannan gurbin ƙarshe inda ake rubuta wanda ya rako mace. Sunan Marta ne a wurin, da rubutun da Haruna ya shigar shekara biyu da suka wuce.

Nafissa ta kashe allon, amma an riga an makara.

Sadiƙ ya taso yana bayani. Ya ce wannan ba laifin Sakata ba ne, ta tambaya an ba ta izini, laifin asibiti ne da ya bar abu a buɗe, kuma kowa ya ga yadda aka tsayar da shi cikin sauƙi. Marta ta ce masa ba za ta sa hannu ba, kuma a rahotonta za ta rubuta shafi na biyar da na tara da layin da babu, ta rubuta Haruna, ta rubuta kanta da ba ta duba ba. Ta ce ya fita daga ɗakin nan, ɗakin mata ne. Ya ce za su haɗu a gaban shugaban haɗaka, ya kwashi jakarsa, ya kira Joshuwa su tafi. Joshuwa bai motsa ba, sai Sadiƙ ya tafi shi kaɗai.

"Shekara biyu," Joshuwa ya ce. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi.

Ta ce ya zauna ta yi masa bayani. Ta ce likita bai yi ƙarya ba, ita ta ga jinin da idonta ranar haihuwar ƙaramar, Rahama tsoron mutuwa take, ba ƙinsa take ba. Ta ce in akwai mai laifi ita ce, ita ta ba da shawarar, ita ta kawo ta.

"Kowace Laraba kina ce mini sannu da azumi."

Ya dubi notis ɗin da ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Ta kama hannun rigarsa, ya cire hannunta yatsa bayan yatsa, ba da ƙarfi ba, ya fita ta cikin matan da ke rumfa. Ta bi shi har ƙofa tana kiran sunansa, mata suna kallonta. Ya tayar da babur, bai bi hanyar gari inda kamfaninsu yake ba, ya karya ta bayan lambuna. Daga nan zuwa gidansa minti biyar ne.

Marta ta koma ɗakin, ta ciro wayarta. Sau biyu yatsanta na kuskure lambar. Nafissa ta fita ta ja mata ƙofa.

Rahama ta ɗauka da fara'a, ana jin ƙarar ruwa a bokiti, wanki take. Ta gaishe ta, ta tambaya ko an gama, ko Joshuwa ya ci gwajin, don tun safe take addu'a su shirya su biyun. Marta ta ce ta saurara da kyau, ta bar wankin, ta ɗauki yaran ta shiga gidan maƙwabta ta zauna har ta iso, yanzu za ta hau kabu-kabu.

"Lafiya, Yaya?"

"Ya ga rajistar. Ya ga sunanki. Shina hanya."

Ƙarar ruwan ta tsaya. Da Rahama ta sake magana, muryarta ta koma ƙarama.

"Wa ya nuna mashi?"

Marta ta buɗe baki za ta ce wakili, za ta ce Haruna, za ta ce shafi na biyar, kuma duk gaskiya ne.

"Ni na kira shi," ta ce.

Ta cikin wayar ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, ƙaramar yarinyar na murna tana cewa ga Baba ya dawo da wuri.